Leburorin Toronto Da Namu Na Sharada

Duk lokacin da aka zauna ana maganar adabinmu na Hausa, ba a rasa wanda zai ce marubutanmu sun maƙale wa soyayya sun bar sauran fannonin rayuwa. Wannan ƙorafi ya tsufa, domin tun shekarun 1990 ake tafka muhawara a kansa a shafukan jaridu, lokacin da aka laƙaba wa littattafanmu sunan Adabin Kasuwar Kano. Mu dai ba tsohuwar muhawara muka zo tayarwa ba. Abin da ya kawo mu shi ne mu ba mai karatu labarin yadda wani littafi da aka rubuta a ƙasar Kanada ya faɗo hannunmu a unguwar Sharada, da abin da mutane dabam-dabam suka ce da suka ji shi, da kuma aikin da ya bar mana a wuya.

Sunan littafin In the Skin of a Lion, wato Cikin Fatar Zaki, an kuma buga shi a 1987. Marubucinsa, Michael Ondaatje, an haife shi a tsibirin Siri Lanka a 1943, ya yi karatun ƙuruciya a Ingila, sa'annan ya koma Kanada a 1962 ya zauna. Da waƙa ya fara yin suna kafin ya shiga ƙagaggen labari, shi ya sa duk wanda ya karanta zubensa sai ya ji ƙamshin waƙa a ciki. Yawancin mutane sun fi saninsa da littafin da ya biyo bayan wannan, wato The English Patient, wanda ya ci kyautar Booker a 1992, aka kuma mai da shi fim a 1996. Amma a Kanada shi ma wannan na 1987 ba baya ba ne, domin a 2002 da gidan rediyon ƙasar ya buɗe gasar zaɓen littafin da ya kamata kowa ya karanta, shi ne ya fara lashe ta.

Labarin ya faru ne a birnin Toronto, tun daga shekarun Yaƙin Duniya na Farko har zuwa 1938, kuma manyan ayyuka biyu ne ginshiƙansa. Na farko ita ce doguwar gadar da ta ƙetare kwarin kogin Don, wadda aka buɗe a 1918. Na biyu shi ne gidan tace ruwan birnin, wanda aka fara ginawa a 1932, aka ƙawata shi da marmara har mutane ke masa laƙabi da fada. Duka biyun suna nan har yau. Gadar na ɗauke da sunan wani yariman Ingila, gidan ruwan kuwa na ɗauke da sunan R. C. Harris, kwamishinan ayyuka na birnin a wancan zamani. Ondaatje ya taɓa bayyanawa a wata hira cewa da ya shiga ma'ajiyar tarihin birnin ya tarar an rubuta komai game da gadar, har yawan yashin da aka zuba, amma babu labarin mutanen da suka yi aikin da hannunsu. Don haka sai ya ɗauko su ya sa su a tsakiya, manya kuwa ya mai da su gefe. Akwai Patrick Lewis, ɗan ƙauye da ya gaji aikin nakiya daga mahaifinsa, ya zo birni ya haƙa rami a ƙarƙashin tafki, ya kuma yi aiki a majema. Akwai Nicholas Temelcoff, baƙo daga Masedoniya, wanda ke lilo da igiya a ƙarƙashin gadar yana aikin da kowa ke tsoro, daga baya ya buɗe gidan burodi.

To, mai karatu zai iya cewa me ya haɗa kifi da kaska? Abin da ya haɗa su shi ne mu ma 'ya'yan leburori ne. Mu da aka haifa a Kano a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 mun tashi ne da ƙarar jiniyar kamfani a kunnenmu. Bompai ce uwa, tun zamanin Turawa take, kusa da layin dogon da ya iso Kano a 1911. Sharada da Challawa kuwa sun bunƙasa ne bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, musamman a shekarun 1970 da kuɗin man fetur ya shigo. Akwai masaƙu da majemu, akwai kamfanonin man gyaɗa da na alewa da biskit, da na kwanuka da roba da sabulu da turare, har da na harhaɗa keken Raleigh a Bompai. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekara goma sha tara a wata masaƙa a can. In an yi sallar asuba sai ka ga titi ya cika maƙil da kekuna, masu aikin dare na fitowa da auduga a gashin kansu, masu aikin safe na shiga da ƙwaryar fura ɗaure a bayan keke.

Daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji da sinadaran da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Ga ƙarancin wutar lantarki, ga tsadar baƙin mai, ga kuma atamfa mai araha da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya. Masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, iyayenmu suka dawo gida da takardar sallama. Yau in ka zaga waɗannan unguwanni za ka ga wasu kamfanonin na aiki, musamman na roba da na casar shinkafa da majemu, wasu sun koma wurin ajiyar kayan da aka ƙera a wata ƙasa, wasu kuwa ciyawa ta cinye su.

Malamin Ingilishi na makarantarmu ne ya tsinto littafin wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a kasuwar Sabon Gari, bangonsa na baya ma ya cire. A dogon hutun 2023 muka fara zama a kansa duk ranar Asabar bayan la'asar, a gindin wata darbejiya a harabar makaranta. Da farko mu huɗu ne, duka malamai, wato mu da ke koyar da nazarin zamantakewa, da Malamin Ingilishi, da Malamin Tarihi, da Malamar Hausa. Daga baya mutum uku suka ƙaru. Akwai maigadin makarantar, dattijo da muke kira Baba Helma domin ya yi shekara ashirin da biyu a wata majema a Challawa har ya zama helma. Akwai yayan Malamin Tarihi, direban babbar mota mai kai fata Legas. Sai wani tsohon ɗalibinmu da ke aikin yini a wani kamfanin leda a nan Sharada. Saboda su ne Malamin Ingilishi ya koma karanta shafi da Turanci sa'annan ya juya shi da Hausa. Haka muka yi wata uku, hutu ya ƙare muka ci gaba.

Wanda ya fara tayar da ƙura shi ne Malamin Tarihi, kuma ƙorafinsa biyu ne. Na farko ya ce marubucin ya cakuɗa gaskiya da ƙage. Harris mutum ne na haƙiƙa, haka ma Temelcoff, haka kuma attajirin nan Ambrose Small mai gidajen wasan kwaikwayo, wanda ya ɓace a 1919 ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Amma ga wata 'yar zuhudun coci da aka ce iska ta kwaso ta daga kan gada cikin dare, Temelcoff ya cafke ta a sararin sama har kafaɗarsa ta goce, ita kuwa babu ta a kowane kundi. Ya ce, "Malam, in ɗalibi ya karanta wannan, yaya zai raba tsaki da tsakuwa?" Malamar Hausa ta amsa masa da cewa ai mu ma ba baƙin wannan salo ba ne, domin Ganɗoki na Bello Kagara ya fara ne da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa ya ƙare a duniyar aljanu, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ƙagagge ne, amma da shi yawancinmu muka fara sanin ɗacin cinikin bayi ta Sahara. Malamin bai gamsu ba, kuma har muka gama bai sauka daga kan bakansa ba cewa ya kamata irin wannan littafi ya zo da shafi guda a ƙarshe da zai ware wane ne na gaske, wane ne na ƙage.

Ƙorafinsa na biyu shi ne labarin ba ya tafiya a jere. Ana cikin wannan shekara sai a tsallaka wata, a ajiye mutum a nan sai bayan shafi ɗari a sake ganinsa da wani suna. Wanda ya warware wannan kuwa yayansa ne, wanda ko firamare bai gama ba. Ya tuna mana cewa tun a shafin farko an nuna labarin a cikin mota ake bayar da shi, cikin dare, wani mutum yana ba wata yarinya. Ya ce, "Ƙanina, kai ba ka taɓa kwana a hanya ba. Labarin da ake yi tsakanin Tegina da Jebba don kada barci ya sace direba ba ya bin layi. Duk abin da fitila ta haska shi ake ɗauka, a ajiye, a ɗauki wani. In kun isa za ka ga ka san labarin duka." Daga ranar ba wanda ya ƙara kukan rashin jeri.

Malamar Hausa ita harshen ne ya kama ta. Akwai wurin da Patrick yana yaro ya bi wani haske cikin dare, ya tarar da baƙin leburori masu saran itace, mutanen Finlan, suna sulu a kan kogin da ya daskare, kowa riƙe da kacalla tana ci da wuta. Babu wanda ya taɓa ganin daskararren kogi a cikinmu, amma ta sa aka maimaita wurin sau biyu, ta ce ya tuna mata da 'yan ci-rani da suke kewaye wuta a bakin ƙofar kamfani lokacin hunturu, suna wasa da dariya da harshen da ba ta ji. Sai dai ita ma tana da nata ƙorafin. Ta ce manyan matan littafin biyu duka 'yan wasan kwaikwayo ne, kuma ta idon mazan da ke son su ake ganinsu. Ta tambaya ina matan da suka dafa wa masu gina gadar abinci? Ta ce in har za a rubuta namu, kada a mance da masu tuwo da ɗanwake a bakin get, waɗanda suke ba lebura bashi har ƙarshen wata, da matan da ke tsintar riɗi da zoɓo da ƙaro a manyan ɗakunan ajiya, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Akwai kuma wuraren da marubucin ya shiga ɗaki da masoya fiye da yadda kunyarmu za ta ɗauka. In an zo nan sai Malamin Ingilishi ya hau tari, Baba Helma ya ce, "Malam, tsallake kawai, mu ma mun yi aure."

Ranar da ba za mu manta ba ita ce ranar da aka zo babin majema. Marubucin ya siffanta masu rina fata suna shiga cikin kwatarniyar rini har wuya, su fito wani ja, wani kore, wani ruwan ƙasa, su tsaya a rana suna marmarin shan taba. Malamin Ingilishi ya ƙoƙarta ya juya wurin da Hausa mai daɗi. Baba Helma ya katse shi. Ya ce, "Tsaya, Malam. Wannan bawan Allah ya yi wa wahala kwalliya. Ni na san ruwan nan. Ba ado ba ne, ci yake." Ya miƙo hannuwansa muka ga yadda fatar ta tsattsage ta yi kanta. Ya ba mu bayanin yadda ake jiƙa ƙirgi, a zuba shi cikin ruwan farar ƙasa da wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai don gashi ya zube, a kankare nama, sa'annan a juya shi cikin manyan gangunan katako da sinadarin kuromiyam har ya fito shuɗi-shuɗi. Ya ce kakansa a unguwar Majema da toka da bagaruwa ya yi tasa jimar, ita ma tana da wari, amma ba ta cin hannu haka. Ya ce shekara ashirin da biyu iyalinsa na ware masa wurin rataye tufafi a waje, kuma ko ya yi wanka da sabulun salo da lemon tsami, autarsa ba ta yarda ta ci abinci kwano ɗaya da shi.

Malamin Ingilishi ya roƙe shi ya bari a ƙarasa shafin. Ashe marubucin da kansa ya yi wa kansa wannan tambaya, wato in mai zane ya zana waɗannan mutane da launukansu, me zanen zai faɗa, me kuma zai ɓoye? Daga nan sai ya shiga jero abin da ido ba ya gani: cewa dala ɗaya ake biyansu a yini, cewa ba mai iya wuce wata shida a wannan aiki, cewa warin ba ya barin jikinsu, cewa cutar huhu na jiransu ba su sani ba. Baba ya yi shiru har muka zaci ya yi fushi. Can sai ya ce, "To, yanzu ya yi magana. Duk wanda zai ba da labarin lebura bai faɗi nawa aka biya shi ba, tatsuniya yake yi."

A wannan babin ne kuma aka nuna yadda mai ɗaukar ma'aikata ke laƙaba wa baƙi sunayen Turawa saboda ba ya iya faɗin nasu. Baba ya ce su lamba aka ba su, kuma har yau yana riƙe da tasa a ka. Ya ce a sashensu akwai wani Buzu daga Agadas, da wani Tibi daga Binuwai, da wani Bayarabe daga Ogbomosho, da 'yan ci-rani daga Damagaram, duka a bakin ganga suka koyi Hausar aiki. Kowa da sunan garinsu ake kiransa. Ya ce, "Buzun nan shi ya fizgo ni ranar da bel ya kama rigata. Shekara tara muna tare, har muka rabu ban san sunansa na yanka ba." Direba ya ce Allah Ya saka masa da alheri duk inda yake, muka ce amin, aka tashi don magariba ta yi.

Rigima mafi zafi kuwa a kan ƙarshen littafin aka yi ta. Bayan mutuwar matar da yake so, Patrick ya ɗaura nakiya a jikinsa, ya bi ta ramin da shi da 'yan'uwansa suka haƙa, ya shiga gidan ruwa da niyyar tarwatsa shi. Ya tarar da Harris a ofis, suka yi doguwar magana, ya tambaye shi ko ya san mutum nawa aikin ya ci, daga bisani gajiya ta kwashe shi ya yi barci, ba abin da ya fashe. Tsohon ɗalibinmu ya miƙe tsaye. Ya ce marubucin ya yaudare shi, ya tara masa fushi shafi ɗari biyu sa'annan ya zuba masa ruwan sanyi. Ya ce shi sa'a goma sha biyu yake tsayuwa a bakin inji, ba takardar ɗauka, ba kuɗin asibiti, ran da ya yi rashin lafiya wani aka kira daga bakin get ya maye gurbinsa. Ya ce mai irin wannan rayuwa ba ya son labarin da zai ƙare da barci.

Baba Helma ya ce masa, "Zauna, ɗana. In an fasa gidan ruwa, wa zai kwana da ƙishirwa? Mai kuɗi yana da rijiyar burtsatse." Ya tuna masa cewa gidan ruwan Challawa na farko an gina shi ne a farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wato kusan sa'an na Toronto ne, kuma kakannin wani ne suka haƙa ramin bututun da ya kawo ruwan birni. Ya ce abin da lebura ya gina nasa ne ko da ba a rubuta sunansa a jiki ba. Yaron bai yarda ba, mu kuma ba mu tilasta masa ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma mako na gaba shi ya fara zuwa, ya kuma roƙi a ba shi aron littafin ya gwada karantawa da kansa.

Mu a namu ganin, kowa a cikinsu yana riƙe da wani yanki na gaskiya, kuma in aka haɗa su wuri guda sai su nuna wa marubucin Hausa irin littafin da ba mu da shi. An yi rubutu a kan leburorin Kano, alal misali Ba'amurken nan Paul Lubeck ya zauna da ma'aikatan Bompai a farkon shekarun 1970, ya fitar da littafi a 1986 a kan yadda almajirai da gardawa suka zama ma'aikatan kamfani. Masana kimiyya kuma sun yi ta auna dagwalon da ke gangarawa daga Bompai zuwa rafin Getsi da Jakara, da wanda ke bin Salanta da kogin Challawa, inda 'yan lambu ke ban ruwa. Duk wannan da Turanci yake, a ɗakunan karatun jami'a, kuma babu autar Baba Helma da kwanonta a ciki. Irin wannan abu sai mai azancin waƙa ne ke iya kamo shi. Amma azanci shi kaɗai, kamar yadda Baba ya faɗa, kwalliya ce, sai an haɗa shi da suna da shekara da albashi.

Kuma wannan giɓi ya daɗe a wajenmu. Littafin Tarihin Kano ya gaya mana cewa a zamanin Sarki Gijimasu aka fara ginin ganuwa, a zamanin Muhammadu Rumfa aka kafa Kasuwar Kurmi, amma waɗanda suka kwaɓa ƙasa suka ɗauko ta a ka ba mu san su ba. Kowa ya san dalar gyaɗa da sunan Alhassan Ɗantata, amma 'yan dakon da suka jera buhunan har ƙololuwa fa? Mawaƙanmu na baka sun fi mu ƙoƙari a nan, domin Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota waƙa, Mamman Shata kuwa ya kira sunayen direbobi da masu sana'a a gaban sarakuna. Mu masu alƙalami ne muka yi jinkiri.

Saboda haka a zangon karatu na farko bayan mun gama littafin, muka ba ɗaliban aji biyar wani aiki. Kowa ya nemi wani dattijo ko dattijuwa a gidansu ko a unguwarsu da ya taɓa aikin kamfani, ya yi masa tambayoyi biyar: cikakken sunansa, wane irin kamfani ne, daga wace shekara zuwa wace, nawa ne albashinsa na farko da na ƙarshe, sa'annan wa ke tsaye kusa da shi a wurin aiki. Yara talatin da ɗaya suka kawo amsa. Wani ya kawo labarin kakansa da ya sayi keke da rediyo rana guda da kuɗin Udoji na tsakiyar shekarun 1970. Wata yarinya ta gano cewa rashin jin kakanta ba na tsufa ba ne, ƙarar injin saƙa ce ta cinye masa kunne, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata. Wata ta kawo tsohon littafin bashin kakarta mai tuwo, sunayen leburori jere da ajami, wasu an soke, wasu har yau ba a soke ba. Tambaya ta biyar ce ta fi sa dattawan magana, wasu ma sai da yaran suka ƙara takarda. Kafin shekarar karatu ta ƙare, uku daga cikin waɗanda aka yi hira da su sun riga mu gidan gaskiya.

Wannan shi ne abin da ya sa muka rubuto. Wanda ya shiga masaƙa yana ɗan shekara ashirin a 1975, yau ya kai saba'in. Takardun kamfanonin da suka rufe ba a hannunmu suke ba, abin da ya rage yana cikin kawunan waɗannan bayin Allah, suna zaune a dakalin ƙofar gida a Ja'en da Gaida da Panshekara da Dakata da Gama, ba mai tambayarsu. Ba muna cewa a daina rubuta soyayya ba ne, ai shi ma littafin Ondaatje cike yake da ita, kuma a bakin get ɗin nan aka ƙulla aure da yawa. Ba kuma muna cewa a kwaikwayi salon mutumin Kanada ba ne, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Roƙonmu ga 'yan'uwa marubuta, maza da mata, shi ne kowa ya ɗauki littafin rubutu ko wayarsa, ya je ya durƙusa ya gai da ɗaya daga cikin waɗannan dattawa, ya fara da tambayoyin nan biyar da yaranmu suka yi. Wanda ke da azancin waƙa ya zuba, wanda ke da tsantsenin Malamin Tarihi ya ware gaskiya da ƙage a shafin ƙarshe, amma kowa ya rubuta sunan yanka, ya kuma faɗi nawa aka biya.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ƙara wa waɗanda suka rage lafiya, mu kuma Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi. Amin.